Sharhi kan Ma'aunin Kujala na Turkanci: Yana Auna Aikin Gwiwa da Kyau, amma Ya Gaza wajen Tsananin Ciwo

Ma'aunin Kujala takarda ce mai tambayoyi 13 wadda likitan ƙashi ko likitan fisiyo, wato mai jinya ta hanyar motsa gaɓoɓi da atisaye, yake miƙa wa mai fama da ciwon ƙoƙon gwiwa domin ya cike da hannunsa, kuma fassararta ta Turkanci tana cikin kayan aikin da ɗalibin fisiyo a Turkiyya zai fara cin karo da su da zarar ya shiga sashen masu ciwon gaɓoɓi. Na yi aiki da ita a lokacin da nake samun horo a can, kuma ra'ayina a kanta shi ne: takarda ce mai amfani, mai sauƙi, wadda ta cancanci zama a aljihun teburin duk wani mai duba gwiwa, amma wanda ya ɗauke ta a matsayin ma'aunin tsananin ciwo ya ɗora mata kayan da ba nata ba, kuma binciken da aka yi don tabbatar da ingancinta da Turkanci bai kai inda mutane da yawa suke zato ya kai ba.

Ciwon da ake magana a kansa shi ne wanda ake ji a bayan ƙoƙon gwiwa ko a kewayensa, wanda yake tashi idan an ɗora nauyin jiki a kan gwiwar alhali tana lanƙwashe, kamar a wajen tsuguno, hawa bene da sauka, gudu da tsalle, ko kuma bayan dogon zama a mota da aji. Haka masana suka fayyace shi a taron da suka yi a Manchesta ta Ingila, wanda aka buga matsayarsa a 2016. Ciwo ne da ya yaɗu ƙwarai, domin wani nazari da ya tattara bincike daban-daban a 2018 ya nuna cewa a cikin shekara guda yana taɓa kusan kashi 23 cikin 100 na jama'a, da kusan kashi 29 cikin 100 na matasa masu tasowa. Dalilin da ya sa wasu ayyuka suka fi tayar da shi sananne ne: ƙarfin da ke danne ƙoƙon gwiwa a kan ƙashin cinya bai wuce kimanin rabin nauyin jiki ba a tafiya ta yau da kullum, amma a kan matakala yana haura ninki uku, a tsuguno mai zurfi kuwa yana kaiwa ninki bakwai ko fiye. Abin da ya sa takardar tambayoyi ta zama dole a wannan ciwo shi ne cewa hoton ƙashi sau da yawa ba ya nuna komai, gwajin jini ba shi da abin cewa, don haka bakin majiyyaci ne kaɗai shaidar da likita yake da ita, kuma dole a samu hanyar rubuta wannan shaida da lamba domin a kwatanta yau da wata uku masu zuwa.

Urho Kujala da abokan aikinsa a ƙasar Finland ne suka wallafa ma'aunin a 1993. Jimillar makinsa 100 ne, kuma yawan maki yana nufin lafiyar gwiwa. Tambayoyi shida suna da maki biyar-biyar, wato ɗingishi, iya taka ƙafa da ɗaukar nauyi, tafiya, tsuguno, ramewar naman cinya da gazawar lanƙwasa gwiwa. Sauran bakwai suna da goma-goma: matakala, gudu, tsalle, dogon zama da gwiwa a lanƙwashe, ciwo, kumburi da gocewar ƙoƙon gwiwa daga mazauninsa. A ƙarƙashin kowace tambaya akwai amsoshi uku zuwa biyar, majiyyaci ya zaɓi ɗaya.

Alfanunta a wurin aiki ba abin musu ba ne. Ba a sayenta da kuɗi, ba ta buƙatar wata na'ura, mutum mai karatu yana gama cike ta cikin 'yan mintoci yana zaune a layin jira, likita kuma yana haɗa makin a kai ba tare da kwamfuta ba. Turkancin da ke cikinta na kowa da kowa ne, kuma ban cika ganin majiyyaci ya tsaya yana neman a fassara masa wata kalma ba, sai dai a tambayar gocewar ƙoƙon gwiwa da ta ramewar cinya, waɗanda ko da harshen uwa mutum bai saba tunaninsu ba. Wani alfanu da ba a cika ambata ba shi ne cewa ma'aunin ya daɗe kuma an fassara shi zuwa harsuna da yawa, don haka makin da aka samu a Ankara ana iya ajiye shi kusa da wanda aka samu a wata ƙasa a yi magana da lamba ɗaya. Ga ɗalibin da ke rubuta kundin digiri, wannan kaɗai ya isa dalilin zaɓenta.

Fassara irin wannan takarda tana da ƙa'ida, kuma wadda aka fi bi ita ce wadda Dorcas Beaton da abokan aikinta suka tsara a shekarar 2000. Mutum biyu ne suke fassarawa kowa da kansa, ɗaya masanin fannin, ɗaya kuma wanda bai san shi ba, sannan a haɗa fassarorin su zama ɗaya, a ba wa wasu da ba su taɓa ganin asalin ba su mayar da ita harshen farko, kwamitin masana ya zauna ya duba inda ma'ana ta zame, a ƙarshe a gwada ta a kan mutum 30 zuwa 40 a ji yadda suka fahimce ta. Bayan an gama wannan ne ake shiga gwajin lissafi. Fassarar Turkanci aikin Tuğba Kuru da Elif Elçin Dereli da Ayşe Yalıman ce, wadda aka buga a mujallar likitocin ƙashi ta Turkiyya, Acta Orthopaedica et Traumatologica Turcica, a 2010, bayan sun nemi izini daga masu asalin ma'aunin. Sun ba wa majiyyata 40 takardar, mata 32 da maza 8, masu shekaru daga 17 zuwa 54, suka cike ta sau biyu da tazarar mako biyu. Ma'aunin Cronbach, wanda yake nuna ko tambayoyin suna tafiya tare a kan abu ɗaya, ya ba da 0.84. Dangantakar makin farko da na biyu, bisa lissafin da ake kira Spearman, ta kai 0.944, kuma a duka lissafin biyu lamba 1 ce ƙoli. Matsakaicin maki ya kasance 76.8 a karon farko da 75.2 a karo na biyu.

Waɗannan alƙaluma masu kyau ne, kuma masu binciken sun yi wa fannin hidima, domin sun cike giɓin da yake akwai a lokacin. Sai dai ya kamata mai karatu ya lura da abin da suka tabbatar da abin da suka bari. Sun tabbatar da cewa takardar ba ta canza magana, wato idan gwiwar ba ta canza ba makin ma ba zai canza sosai ba, kuma tambayoyinta suna da alaƙa da juna. Wannan shi ne tabbatuwa a kan amsa ɗaya, kuma daban yake da inganci, wanda yake nufin cewa abin da ake cewa ana aunawa shi ɗin ne ake aunawa. Mudun da aka buga wa gindi ciki zai ba ka awo iri ɗaya yau da gobe da jibi, kuma duk da haka awon nasa bai cika ba. Ba za ka gane ba sai ka juye hatsin a wani mudun da aka yarda da shi. A wannan fanni, juyewar ita ce a ba wa majiyyatan wani ma'auni da aka riga aka tabbatar, kamar layin auna ciwo, wanda majiyyaci yake yi wa alama gwargwadon ciwon da yake ji, ko wata takardar aikin gwiwa, a ga ko sakamakon ya tafi yadda aka yi hasashe tun kafin a fara. Sakamakon da binciken na 2010 ya tsaya a kansa na ɓangaren farko ne, wato tabbatuwa a kan amsa ɗaya, alhali sunansa yana ɗauke da kalmar inganci, kuma da wannan suna ake ambatonsa a rubuce-rubuce da yawa da suka biyo baya. Na ga ɗalibai suna rubuta cewa an tabbatar da ingancin ma'aunin da Turkanci, su wuce, ba tare da sun buɗe binciken sun ga wane irin tabbaci ba ne, kuma wannan yana damuna domin daga irin wannan sakaci ne ake gina bincike a kan bincike ba tare da an duba tushe ba.

Akwai kuma maganar irin lissafin da aka yi. Dangantaka ta Spearman tana nuna cewa wanda ya fi kowa maki a karon farko shi ne ya fi a karo na biyu, amma ba ta faɗi yawan makin da takardar take iya kuskurewa da shi a kan mutum ɗaya ba. Likitan da ke gaban majiyyaci wannan lambar yake nema, domin tambayarsa ita ce: wannan matar ta tashi daga 70 zuwa 76 bayan mako shida na atisaye, shin sauƙi ta samu, ko kuwa rawar awo ce kawai? Amsar da muke dogaro da ita ta fito ne daga binciken Kay Crossley da abokan aikinta a Ostireliya a 2004, wanda ya nuna cewa sai canjin ya kai kimanin maki 8 zuwa 10 a ma'aunin Kujala, ko santimita 2 a layin ciwo mai santimita 10, kafin a ce ya zama canji mai ma'ana. Lamba ce mai amfani, amma an samo ta ne daga masu jin Ingilishi da ke rayuwa irin ta can.

Yawan mutanen ma abin dubawa ne. Ƙa'idojin COSMIN, waɗanda ake auna irin wannan bincike da su a yanzu, suna ganin mutum 50 ne ƙaramin adadin da ya wadatar, 100 kuma shi ne mai kyau sosai, don haka 40 ya ɗan gaza, ko da yake ba daidai ba ne a tsananta wa aikin 2010 da ma'aunin da ya kafu daga baya. Abin da ya fi jan hankalina shi ne su wane ne waɗannan 40 ɗin. Mafi ƙarancin makin da aka samu 54 ne, mafi yawa 92, wato rabin ma'aunin na ƙasa ba a taka shi ba ko kaɗan. Maza takwas ne kawai, a ƙasar da aikin soja yake wajibi a kan maza, alhali sababbin kurata suna cikin waɗanda wannan ciwo ya fi kamawa saboda gudu da tattaki da kaya a baya. 'Yan ƙasa da shekara 17 kuma ba su shiga ba, ga shi su ne rukunin da ciwon ya fi yawa a cikinsu. Duk wanda zai yi amfani da takardar a kan ɗan shekara 14 mai buga ƙwallo, ya san cewa yana aiki ne da kyakkyawan zato.

Babban aibin da nake gani ba daga fassarar yake ba, daga ginin ma'aunin ne tun asali. Kujala ya tsara shi ne domin matsalolin ƙoƙon gwiwa gaba ɗaya, har da waɗanda ƙoƙon nasu yake gocewa ko yake fita ɗungurungum, shi ya sa aka saka tambayoyin kumburi da gocewa da ramewar cinya da gazawar lanƙwasawa. Waɗannan huɗun maki 30 ne, kuma mai ciwon gaban gwiwa na yau da kullum yakan cinye su duka ba tare da ya rasa ko ɗaya ba, domin gwiwarsa ba ta kumbura, ba ta gocewa, tana kuma lanƙwasuwa har ƙarshe. A ɗauki misalin mace wadda ba ta ɗingishi, tana taka ƙafarta sosai, tana tafiya iya son ranta, amma tana jin ciwo a hawa da sauka, tana jin sa duk lokacin da ta tsuguna, yana fara mata tun farkon gudu, tsalle yana ɗan ba ta wuya, dogon zama yana tilasta mata miƙe ƙafa, kuma lokaci zuwa lokaci ciwon yana tsananta. Idan aka haɗa makinta zai ba da 73. Wanda ya ga 73 cikin 100 zai ɗauka lamarin da sauƙi, alhali wannan mata ciwon ya shiga kusan kowane motsi na yininta. Tambaya ɗaya tak ce take magana a kan ciwon kansa, makinta goma, kuma amsoshinta sun cakuɗa tsanani da yawan aukuwa da hana barci a layi ɗaya, ta yadda wanda ciwonsa yake hana shi barci yana samun 6, wanda nasa yake tsananta jefi-jefi yana samun 3, kuma wanda yake da duka biyun bai san inda zai saka alama ba. Wannan tambayar ce na fi ganin majiyyata suna jinkiri a kanta.

Sai kuma rayuwar mutanen da aka fassara wa takardar. Babu tambayar durƙuso a ma'aunin Kujala ko ɗaya, tsuguno kuma maki biyar kacal aka ba shi, yayin da gudu da tsalle suka kwashe 20. Wannan rabo ya dace da matashi ɗan wasa, amma bai dace da yawancin waɗanda ke zuwa asibitin gwamnati a Turkiyya ba. A can, inda akasari mazhabar Hanafiyya ake bi, mai kiyaye salla da sunnoninta da wutiri yana yin raka'a 40 a rana, kowace da sujada biyu da saukowa da miƙewa, ga zaman tahiya da yake naɗe gwiwa har ƙarshenta. Banɗakin tsuguno yana nan a gidaje da yawa da masallatai da tashoshin mota, cin abinci a ƙasa da zaman harɗe kuma al'ada ce da ba ta gushe ba, musamman a garuruwan Anatoliya. Maganar gwiwa da salla ta kai har hukumar kula da harkokin addini ta ƙasar, Diyanet, ta fitar da umarni a ƙarshen 2019 game da kujerun da ake kafawa a masallatai domin masu salla a zaune. Matar da abin da ya kawo ta asibiti shi ne ta kasa zaman tahiya za ta cike takardar nan daga farko har ƙarshe ba tare da an tambaye ta abin da ya dame ta ba, sannan a tambaye ta ko tana jin ciwo bayan gudun kilomita biyu, ita da rabonta da gudu tun tana makaranta. Irin wannan majiyyaciya cinta take yi, wani lokaci ta bar wurin babu amsa, kuma takardar ba ta tanadi gurbin da za a ce ba na yin wannan aiki ba.

Wanda yake neman tsananin ciwo da gaske ya fi dacewa ya duba ma'aunin da Judi Laprade da Elsie Culham suka fitar a Kanada a 2002, wanda shi ma an fassara shi zuwa Turkanci daga baya. Tambayoyinsa goma ne, kowace da layi mai santimita 10 wanda majiyyaci zai yi wa alama gwargwadon ciwon da ya ji a makon da ya wuce, a wajen hawa matakala, tsuguno, tafiya, sassarfa, gudu, wasanni, zama da gwiwa a lanƙwashe, durƙuso, lokacin hutu da barci, da kuma hutun bayan aiki. Fifikonsa a fili yake: kowace tambaya ciwo take aunawa, durƙuso ya samu gurbinsa, kuma likita yana ganin wane aiki ne ya fi tayar da ciwon, abin da yake taimakawa kai tsaye wajen tsara atisayen ƙarfafa cinya da ƙugu. Amma shi ma yana da nasa nauyin. Uku daga cikin goman na masu motsa jiki ne. Sai an sa rula an auna layi goma ɗaya bayan ɗaya. Injin kwafi yakan rage tsawon layin ko ya ƙara shi, don haka wajibi ne a auna layin a kan takardar da aka kwafa kafin a raba ta. Tsofaffi da masu ƙarancin karatu kuma sukan sha wuya wajen mayar da ciwonsu alama a kan layi. Sannan alƙiblarsa kishiyar ta Kujala ce, domin a nan yawan maki yana nufin tsananin ciwo, kuma idan aka rubuta lambobin biyu a fayil ɗaya ba tare da bayani ba, wanda ya karɓi majiyyacin daga baya yana iya karanta sauƙi a matsayin taɓarɓarewa. Akwai kuma wani ma'aunin ciwon ƙoƙon gwiwa da ake kira KOOS-PF, mai tambayoyi 11, da aka wallafa a 2018, wanda aka gina shi da shawarar majiyyata kuma ya ƙunshi durƙuso.

Ga abokan aikinmu da suka yi karatu a Turkiyya suka koma gida, akwai jan hankali ɗaya da ya shafe mu kai tsaye, domin salla da tsuguno da zaman tabarma sun fi yawa a rayuwar majiyyatanmu fiye da gudu da tsalle. Ɗaukar takardar Turkanci ko ta Ingilishi a riƙa fassara ta da baki ga majiyyaci a Kano ko Maraɗi ba ya ba da makin da za a kira makin Kujala, saboda kowane likita da irin kalmomin da zai zaɓa, kuma duk alƙaluman da aka ambata a sama ba su bi fassarar baki ba. Hanyar da ta dace an riga an nuna ta: ma'aunin Ibadan na ciwon sanyin ƙashin gwiwa da ƙugu, wanda aka gina shi a kan ayyukan da mutanen Najeriya suke yi, an fassara shi zuwa Hausa an kuma gwada shi, aka buga sakamakon a 2008. Cutar da yake aunawa daban ce da wadda ake magana a nan, amma tsarin aikin shi ne abin koyi.

Shawarata ga mai aiki da majiyyata masu jin Turkanci ita ce ya riƙe ma'aunin Kujala domin auna aikin gwiwa da kuma kwatanta sakamakonsa da na sauran ƙasashe, amma kada ya bar shi shi kaɗai. Ya haɗa shi da layin ciwo guda biyu, ɗaya na ciwon da aka saba ji, ɗaya na mafi tsananin da aka ji a makon da ya wuce, ko kuma da ma'aunin Laprade da Culham idan lokaci ya ba da dama. Ya duba makin kowace tambaya maimakon jimilla kawai, kada ya kira canjin da bai kai maki 8 zuwa 10 ba samun sauƙi, kuma ya tambayi majiyyaci da bakinsa yadda yake yi da sujada da zaman tahiya da banɗaki, ya rubuta amsar a gefen takardar tare da kwanan wata domin a sake tambayarsa a zuwa na gaba.